Kifi bai mutu ba, amma halinsa ya canja

Mutane da dama a Maradi suna ɗauka cewa maganin da ya shiga ruwa narkewa yake yi ya ɓace, kuma muddin kifi bai taso a mace ba, ruwan lafiya lau yake. Ba haka ba ne.

Wani ɓangare na ƙwayar da mutum ya sha yana fita ta fitsari da sauran ƙarfinsa, ga kuma magungunan da suka lalace ana watsarwa a bola. Da damina ruwa ya kwashe su zuwa gulbi. Kifi kuwa yana da ƙwaƙwalwa da jijiyoyin da magani ke taɓawa.

A 2013, masana a jami'ar Umeå ta ƙasar Suwidin sun zuba ɗan kaɗan na oxazepam, maganin kwantar da hankali, a ruwan kifi. Kifayen suka rage tsoro, suka rage bin ƴan'uwansu, suka riƙa cin abinci da sauri. Wanda ya ware shi kaɗai kuwa, shi tsuntsu ko babban kifi ke fara cafkewa.

Abin da ke damuna, masunci a tabkin Madarumfa ba zai gane irin wannan canji ta duba kifin cikin komarsa ba.