Ku daina kiran ciwo da sunan ƙiba

Jiya na yi rubutu a kan wata Hajiya mai sayar da "haɗin amare", garin da ake ba amarya don ta yi ƙiba kafin biki, sai na ga har yanzu akwai masu kare ta a ƙarƙashin rubutun. Wai sana'a take yi, wai hassada muke mata, wai ai ba ta sa wa kowa wuƙa a wuya ya saya ba. To madalla. Ita kuma yarinyar da ta sha haɗin har aka kwashe ta ranga-ranga zuwa asibiti ana gab da ɗaurin aurenta, hassadar tamu ce ta kayar da ita ko?

Dabino da aya da riɗi da ake cewa su ne a cikin haɗin ba sa cika wa mutum kumatu cikin sati biyu, ko da kwano guda yake ci kullum. Abin da ke yin wannan aikin deksametason ne, ƙwayar da kuka raɗa wa suna sha-ka-fashe, a daka ta a ɓoye cikin gari, wani lokaci a haɗa da maganin ƙaiƙayi mai buɗe ciki da sa barci. Abin da kuke gani a jikin amarya kuna rangaɗa guɗa, ciwo ne. Ciwo mai suna a littafin likitoci, sunan wani likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, Harvey Cushing, wanda ya yi bayaninsa tun 1932.

Ku ɗan tsaya ku ji yadda Allah ya tsara abin. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka ƙarama, adirenal. Ita ke fitar da sinadarin kotisol, mai riƙe bugun jini da sukarin jiki, mai tsayar da mutum in zazzaɓi ko rauni ko firgici ya same shi. Ba da ka take aiki ba, umarni take jira daga wata 'yar uwarta, fituwitari, da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Da asuba a saki da yawa, da dare a rage. Komai a kan awo. Shi kuwa deksametason kwaikwayon kotisol ne, amma ya ninka shi ƙarfi kusan sau 25. Kina zuba shi a jini kullum, ƙwaƙwalwa za ta ga kaya sun yi yawa ta daina aika umarni, adirenal ta kwanta ta motse. Kamar gidan da ake kawo wa tuwo daga waje kullum ne har murhu ya mutu. Ranar da aka daina kawowa, babu wuta babu tuwo. Shi ya sa wadda ta sha na makonni ta yanke rana ɗaya take iya zubewa: amai, jiri, jini ya faɗi ƙasa, in ba a yi gaggawa ba sai dai a ji salati. Saboda haka, 'yar uwa, in kina sha, don Allah kada tsoro ya sa ki watsar yau. Ki je asibiti ki faɗi gaskiyar abin da kika sha, likita ya riƙa rage miki a hankali. Wannan maganar da zuciya ɗaya nake yinta.

Kuma wace irin ƙiba ce ma? Fuska ta yi tulu-tulu, tozo ya fito a bayan wuya, tumbi ya yi gaba, hannu da cinya su tsamure saboda tsoka na narkewa. Nankarwa mai faɗi ta tsaga ciki. Ga ƙuraje, ga gashi a haɓa, al'ada ta rikice, ƙaramin rauni ya ƙi warkewa. A ciki kuwa, inda mai ɗaukar hoton biki ba ya gani, hawan jini da ciwon suga na kafa sansani, ƙashi na rubewa a hankali. Wannan ne "cikar mace"? Ciwo ne, 'yar uwa. Kin saya da kuɗinki.

Masu cewa "ai a asibiti ma ana bayarwa", sannunku da bincike. Ana bayarwa mana! Mai asma ya san amfaninsa. A watan Yunin 2020 masu bincike a Jami'ar Oxford ta Ingila suka nuna ya rage mace-macen masu korona da ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Likita ne ya auna, ya ƙayyade kwanaki, ya tsaya a kai. Ke kuma wadda ta auna miki da cokalin shayi a bayan kanti fa? Masu cewa "ni na sha ban ga komai ba", yaushe rabon da a gwada jininki? Masu cewa "na gargajiya ne", ku bari mu mutunta kakanninmu, ba su taɓa daka ƙwayar kemis a turmi ba.

Amma gaskiya ba Hajiya mai haɗin kaɗai ke da laifi ba. Gwaggo da inna da kuke kallon yarinya lafiyayya ku ce "haka za a kai ki kamar sillen kara, dangin miji su ce ba ma ba ki abinci?", ku kuka buɗe mata kasuwa. Da samarin da ke zaune a majalisa suna auna 'ya'yan mutane da ido, alhali su kansu iska mai ƙarfi za ta iya tafiya da su. Yarinya ba ta da ciwon komai, kun dame ta da gori har ta je ta sayo ciwo.

Af, tunda ana maganar: man shafawar nan mai haɗi uku da ake lafta wa jarirai in kunzugu ya ci musu cinya, ko don wai su yi haske kafin suna, ku karanta jikin kwalin. Da yawansu akwai ɗan uwan wannan maganin a ciki, betametason ko kulobetasol, kuma fatar jariri tsotsewa take yi ta kai jini. Hukumar NAFDAC ta yi ta kururuwa a kan mayukan bilicin a 2023, amma ku leƙa kowace kasuwa, ga su nan jere a kan tebur cikin rana. Jaririn kwana biyar kuma me ya haɗa shi da haske? Wa zai aura?