Tsufa kaɗai ba ya sa zane tsada

Yana damuna yadda ake yawan cewa duk zanen fentin ruwa na karkarar Ingila da aka yi a ƙarni na 19 dukiya ce. Masu wannan tunani suna da hujja, domin abin da ya haura shekara ɗari ai ba a rasa ganin darajarsa.

Sai dai a wancan zamani koyon zane yana cikin tarbiyyar 'ya'yan masu hali, musamman mata, shi ya sa irin waɗannan zane-zane suka yi yawa, kuma akasarinsu da araha ake sayar da su.

Masu gwanjo suna fara duba wanda ya zana, sannan hannun da zanen ya bi, sannan lafiyar takardar. Na ƙarshen nan ake rainawa. Haske yana cin launi, shuɗin baba ya koɗe, sararin sama ya koma ja-ja, kuma ba ya gyaruwa.

A 2006, a Landan, kamfanin gwanjo na Christie's ya sayar da zanen dutsen Rigi na ƙasar Switzerland, wanda shahararren mai zanen Ingila Turner ya yi a 1842, kan fam miliyan 5.8. Sunan Turner da launin da bai dushe ba aka saya. Na wani ɗan koyo na shekarar 1842 ɗin ba zai kusanci wannan kuɗi ba.