Jadawalin da ba ya ƙirga aikin malaman jinya

Abin haushi a makarantun koyon aikin jinya shi ne, jadawali darasin aji kawai yake ƙirgawa. Awa biyu a takarda, shi ke nan wai an gama. To, wa ke bin ɗalibai asibiti ya tsaya a kansu suna auna hawan jini, suna wanke ciwo, suna lissafin ɗigon ƙarin ruwa? Malamar nan ce dai. Ita za ta sa hannu a littafin kowane ɗalibi, aiki bayan aiki, kuma ba halin sa hannu a kan abin da ba ta gani da idonta ba, domin rai ake magana.

Jarrabawar OSCE kuwa, wato ta gwajin aiki a aikace inda ɗalibi ke bin tashoshin gwaji ɗaya bayan ɗaya, ba a cewa komai: a jera tashoshi, a nemo safar hannu da sirinji, a wuni a tsaye riƙe da takardar maki. Da dare ga tulin bincike na 'yan ajin ƙarshe, ga waya tana ƙara, "Malama, an canja mana ɗaki."

Ana ƙara yawan ɗalibai, ba a ƙara malamai. Wanda ya tafi Ingila ko Saudiyya, sai a raba darussansa ga waɗanda suka rage, albashi kuwa yana nan inda yake.