Ba ɓoye kaya muke yi ba, zaɓe muke yi

Duk lokacin da muka buɗe sabon zauren baje kayan tarihi, sai an samu wanda zai tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Malam, an ce kuna da kaya dubbai a sito, shi ne kuka fito mana da guda 40 kacal?" Jiya ma an sake yi min ita, shi ya sa na ce bari in rubuta amsar sau ɗaya in huta.

E, guda 40 ne. Kuma da ni kaɗai ke da ta cewa, 30 za ku gani.

Ba mu muka fara ba. British Museum, babban gidan adana kayan tarihi da ke Landan, na da kaya wajen miliyan 8, amma waɗanda ke gaban jama'a kusan 80,000 ne, wato ɗaya bisa ɗari. Ba rowa ba ce. Ƙafar ɗan Adam da idonsa suna da iyaka. Tun a 1916 wani ma'aikacin gidan adana kayan fasaha na Boston, Benjamin Gilman, ya yi rubutu kan gajiyar da ke kama masu ziyara, har da hotunan wani mutum yana durƙuso, yana sunkuyo, yana ɗage, duk don ya ga abin da ke cikin akwatin gilashi. Yau fiye da shekara 100, amma har yanzu sai ka shiga zaure ka tarar an jera tukwane 60 reras. Mai kallo zai tsaya a kan ta farko da ta biyu, a ta biyar ya fara waige-waigen wurin zama, kafin ta goma ya ciro waya.

Ni dai ba da kaya nake fara zaure ba, da tambaya nake farawa. Me nake so mutum ya fita da shi a ransa? In na samu wannan, sai kowane abu ya zo ya kare kansa. Nan ne wurin da ke da ciwo. Akwai wata ƙwaryar azurfa da na yi wata uku ina nema mata gurbi, don duk siton babu mai kyanta. Ƙarshe na mayar da ita, na sa wani tsohon cokalin katako da bakinsa ya cinye a wurinta, saboda shi ke ɗauke da labarin hannun da ya yi aiki da shi. Har yau in na wuce ta a sito sai na ɗan kau da kai.

Sannan ga masu kula da lafiyar kaya, waɗanda maganarsu ta fi tawa ƙarfi. Zane da takarda da fata mai rini ba sa jure haske. Ƙa'idar da aka saba ita ce kada hasken da ke kansu ya wuce laks 50 (laks ma'aunin ƙarfin haske ne), kuma bayan 'yan watanni a mayar da su duhu su huta, domin launin da haske ya ci ba ya dawowa. To mai cewa mun rage wuta kamar masu tsimin kuɗin lantarki, ga dalili nan.

Amma inda aka fi tada jijiyar wuya shi ne 'yar takardar bayanin da ke gefen kowane abu. Kalmomi 50 ne ko kusa da haka, kuma cikinsu ne duk ikon mai tsara zaure yake. Ɗauki kayan tagulla na tsohon birnin Benin, a kudancin Najeriya, da ke gidajen tarihi na Turai. Wani zai rubuta "an samo su a 1897", wani ya rubuta "sojojin Birtaniya ne suka kwaso su bayan sun ci birnin da yaƙi a 1897". Shekara ɗaya, kaya ɗaya, amma mai karatu ba zai fita da abu ɗaya ba. A ganina na farkon ƙarya ce aka sa mata riga. Haka in ka ga an rubuta cikakken sunan attajirin da ya ba da kyautar abu, amma wanda ya ƙera shi an ce "ba a san shi ba", ka tambaya ko an ma taɓa neman sunan nasa.

Inda mai ƙorafin nan yake da gaskiya, kuma ba zan yi masa gardama ba, shi ne batun siton kansa. Abin da ba a gani, ɓatansa ba wuya. A 2023 British Museum ɗin nan ya sanar cewa kaya kusan 2,000 sun ɓace, ko an sace, ko sun lalace, kuma da yawansu ba a shigar da su rajista yadda ya kamata ba. Don haka in za ku matsa mana, kada ku ce mu fito da komai. Ku ce mu nuna rajista, kowane abu da lambarsa da hotonsa da inda ya fito, a kuma sa ta a intanet. Ku tambaye mu yaushe za a canza kayan da ke cikin gilashi. Wannan matsin ina maraba da shi, don zai taimaka min wajen masu riƙe da kasafi, waɗanda suka fi son kashe kuɗi a bikin yanke kirtani.

Mako mai zuwa za mu sauke zannuwan da ke zaure na biyu mu rataya wasu. Takardar bayanin abu na 17 kuwa har yanzu tana kan teburina, ni da abokiyar aikina mun kasa daidaitawa tsakanin "an karɓo" da "an ƙwace".