Mushen da ya cire mini tsoron buɗe baki

Jiya da la'asar na ci karo da tsohon mushenmu, wato malaminmu, na Ingilishi a bakin Kasuwar Dole, yana dogara sanda, gemu ya yi fari fat. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ƙura mini ido, can sai ya ce: "Ɗan majemi, kai ne?" Shekara talatin da ɗoriya, bai manta sana'ar mahaifina ba. Har na kwanta raina yana kansa.

Duk wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko, a zamaninmu ya san sambol. A ajinmu ƙashin dabba ne da aka ɗaura wa igiya, ana rataya shi a wuyan yaron da bakinsa ya suɓuce ya yi Hausa. Kai kuma sai ka kasa kunne, ka kama ɗan'uwanka, ka sauke masa. Wanda aka tashi yana wuyansa ya sha bulala. Ni ina da in'ina, Faransanci yana sarƙe mini a harshe, ga dariyar yara. Da na ga ba mafita, sai na kulle bakina gaba ɗaya, aka yanke mini hukuncin daƙiƙi.

A haka na shiga kolej, na faɗa hannun wannan bawan Allah. Makon farko ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana tambayar abin da ake yi a gidajenmu. Da ya zo kaina na yi shiru. Bai daka mini tsawa ba, bai kuma wuce ni ba. Ya ja benci ya zauna kusa da ni, ya ce da Hausa: "Ban san yadda ake jeme fata ba, ka koya mini." Na fara ba shi labarin bagaruwa, yadda ake daka ta a jiƙa fata a cikin ruwanta, da yadda ake kankare gashi. Ina faɗa, yana rubuta kalmomin da Ingilishi a allo. Ran nan ajin duka ya koyi darasi daga majemar babana, warin da nake jin kunyarsa ya zama abin da nake alfahari da shi. Idan na yi kuskure ba ya katse ni. Sai na gama, ya maimaita jimlar daidai kamar hira muke, ni kuma in ji gyaran da kunnena.

Sai da na zama malami na san cewa masana sun daɗe da rubutu a kan wannan hanya, wadda ke sa ɗan Adam a gaban darasi. Carl Rogers na Amurka ya nuna cewa mutum ya fi koyo inda aka karɓe shi yadda yake, aka saurare shi. Earl Stevick a 1980 ya rubuta cewa nasarar koyon harshe ta fi rataya a kan abin da ke gudana a zukatan mutanen aji da kuma tsakaninsu, fiye da littattafai da dabaru. Mushenmu bai taɓa ambata mana ɗayansu ba. Aikatawa kawai yake yi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wannan. A nan Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko da ke koyarwa da Hausa a 1973. A 2025 kuma an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, na yi murna ƙwarai. Amma ina rantsuwa, idan malami ya shiga aji da halin wulakanci, ko da Hausar kakarsa zai koyar, yara ba za su buɗe baki ba. Na ga ajin da babu sambol, amma harara da "kai jaki" suna yin aikinsa daidai wa daida.

Abokan aiki sukan ce mini: "Malam, yara sun fi tamanin a aji, ga manhaja, ga jarrabawa tana tafe, ina lokacin lallashi?" Gaskiyarsu ce, ni ma ina cikin wannan zafi, wata rana nakan fito murya a dishe. Sai dai ajin mushenmu ma cike yake maƙil. Riƙe sunan yaro, da yi masa haƙuri har ya kai ƙarshen jimlarsa, ba sa jiran kasafin kuɗi daga Yamai.

Bana akwai wata yarinya a ajina, tana zama can baya jikin taga, tun shigowar shekara ban ji muryarta ba. Na bincika, an ce mahaifiyarta ƙuli-ƙuli take yi a Zango. Ranar Litinin in Allah ya kai mu, zan ja benci in roƙe ta ta koya mini yadda ake matse man gyaɗa.