Drugovich Ya Ci Gasar Formula 2 Ta 2022, Har Yau Ina Jin Zafin Abin Da Ya Biyo Baya

Jama'a, na san yawancin masu bibiyata a nan 'yan ƙwallo ne, amma yau ku yi haƙuri da ni, maganar tseren mota zan yi. Akwai wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma duk lokacin da aka naɗa sabon zakara a Formula 2 sai ya dawo mini sabo.

Ga wanda bai sani ba, Formula 2 ita ce matakin ƙarshe kafin Formula 1. Yara ne matasa, yawancinsu ba su wuce shekara ashirin da 'yan kai ba. Abin da ya sa nake ƙaunarta shi ne kowa mota iri ɗaya yake ja. Kamfanin Dallara ne ke ƙera jikin, injin na Mecachrome ne, taya ta Pirelli. Babu wanda zai ce maka ai motar wane ta fi. Bambancin yana wajen direba da makanikansa, da yadda suka saita motar, da wanda ya iya lallaɓa taya har ta kai shi. Ranar Juma'a a gwada gudu a tsara layin tashi. Ranar Asabar a yi gajeren tsere, a juya goman farko, na goma ya koma gaba. Ranar Lahadi a yi babban tsere mai maki 25, wanda dole ka shiga a canza maka taya.

A kakar 2022 an je filaye 14, an yi tsere 28. Wanda ya ɗauki kambun shi ne Felipe Drugovich, ɗan garin Maringá a Burazil, yana tuƙa wa MP Motorsport ta ƙasar Holan, ƙungiyar da ba ta taɓa cin wannan gasa ba kafin nan. Ya gama da maki 265. Théo Pourchaire na Faransa da ya zo na biyu yana da 164. Tazarar maki 101 ke nan, ta fi ladan cin babban tsere huɗu. Ya ci a Jidda, ya ci sau biyu a Basalona, ya ci a Monako, ya ci a Zandvoort.

Na Basalona shi ne wanda ba na mantawa. Ranar Lahadi daga na goma ya tashi. A waya nake kallo, ina zaune a ƙofar gida, kuma a raina na riga na ce idan ya samu na biyar ma ya gode wa Allah, don filin nan wuce mota a cikinsa aiki ne. Sauran da suka tashi da taya mai laushi duk suka yi ta shiga canji da wuri, don ita wannan tayar saurin cinyewa take yi. Shi kuwa ya ƙi shiga. Zagaye bayan zagaye yana nan a waje, masu sharhi suna ta mamakin yadda tayar ba ta mutu ba. Da ya shiga ya fito, tayarsa ta fi ta kowa sabunta, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana wucewa har ya kai gaba. Wannan ba sa'a ba ce. Mutum ne da ya san nauyin ƙafarsa a kan totur, ya san inda zai matsa da inda zai sassauta. Mako guda bayan haka a Monako, Pourchaire ya manne masa a baya kusan tseren duka, tsakanin katangun nan da kuskuren taku ɗaya ke gama da mutum, amma bai ba shi ƙofa ba.

Ranar da kambun ya tabbata ma abin tausayi ne da daɗi a haɗe. A Monza ne, ranar Asabar, cikin watan Satumba. Tun zagayen farko motarsa ta gogu da ta Amaury Cordeel ta lalace, dole ya ajiye ta. Ya fito ya je ya tsaya wajen injiniyoyinsa yana kallon allo kamar kowa. Pourchaire bai samu maki ba a tseren, shi ke nan lissafi ya rufe. Zakara ya ci gasa yana tsaye da ƙafafunsa, makanikai suka rungume shi, saura tsere uku a gama kaka.

To, daga nan sai me?

Dokar Formula 2 ta ce wanda ya ci gasar ba zai sake dawowa cikinta ba. A Formula 1 kuma a lokacin ƙungiyoyi goma ne, kujeru ashirin, kuma babu dokar da ta tilasta wa kowa ya ɗauki zakaran. An rufe masa ƙofar baya, ta gaba kuma ba a buɗe ba. Kwana biyu bayan Monza, Aston Martin ta sanar da ɗaukarsa, amma a matsayin ɗan benci. Kujerunsu biyu, ɗaya ta Fernando Alonso ce, ɗayar ta Lance Stroll, ɗan mai ƙungiyar. Duk mai hankali ya san babu wadda za ta motsa. A farkon 2023 Stroll ya faɗi a keke ya ji ciwo a hannu, Drugovich ya ja motar a gwajin Baharen, muka sa rai. Ranar tsere Stroll ya dawo da ciwonsa ya zo na shida. Na yaba masa juriyar, gaskiya ɗaya ce, amma ranar raina ya ɓaci.

Yanzu ku dubi waɗanda ya bari a baya. Logan Sargeant na Amurka na huɗu ya zo da maki 148, shi Williams ta ba kujera a 2023. Maki ɗaya tak ya samo musu kafin su sallame shi a tsakiyar 2024. Liam Lawson da ya zo na uku ya shiga Formula 1. Jack Doohan da ya zo na shida shi ma ya shiga. Ba na ƙin ko ɗaya daga cikinsu, Lawson musamman direba ne na gaske. Amma abin da ya haɗa su ukun shi ne kowannensu yana ƙarƙashin makarantar renon direbobi ta wata babbar ƙungiya tun kafin kakar ta fara: Williams, Red Bull, Alpine. Drugovich ba shi da uban gida. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Na san amsar da masu kare tsarin suke bayarwa, kuma ba zan ce babu ƙamshin gaskiya a ciki ba. Suna cewa shekararsa ta uku ce a gasar. A 2020 ya zo na tara, a 2021 na takwas, ba tare da ya ci ko tsere ɗaya ba a shekarar. Wanda ya yi shekara uku yana jan mota ɗaya dole ya fi sabon shiga saninta. Ƙungiyoyi sun fi son irin su Charles Leclerc da George Russell da suka ci a shekararsu ta farko. Na ji. To Oscar Piastri fa? A shekararsa ta farko ya ci a 2021, bayan ya ci Formula 3 a shekarar da ta gabata. Shi ma zaman benci ya yi a Alpine shekara guda cur, alhali Zhou Guanyu da ya zo na uku ya samu kujera a Alfa Romeo. Sai da McLaren ta ja shi, aka kai ruwa rana a kan kwantiraginsa, sannan ya shiga. Yau ga shi yana cin tsere a Formula 1. Da McLaren ba ta neme shi ba, wa ya san inda zai ƙare? Pourchaire ma ya dawo ya ci gasar a 2023, shi ma bai ga kujerar ba.

Kuma idan har shekara ta uku aibi ce, me ya sa ake karɓar kuɗin yaro a shekara ta uku? Domin kujerar Formula 2 saya ake yi, kuɗin kaka ɗaya miliyoyin Yuro ne, iyaye da masu ɗaukar nauyi ke biya. Shi kansa Drugovich ba ɗan talaka ba ne, babu ɗan talaka da ke isa wannan mataki sai da wani babba a bayansa. Ana karɓar kuɗin a kan cewa wannan ita ce hanyar Formula 1. Idan yaro ya bi hanyar har ƙarshe ya zo na ɗaya, sai a ce masa ai ya makara, wannan ni a wurina rashin amana ne.

Ba ina cewa a tilasta wa ƙungiya ta kori direbanta ba. Amma a Amurka, wanda ya ci Indy NXT, gasar matasa ta can, ana ba shi tallafin kuɗi don ya samu shiga tseren IndyCar, babbar gasar da ke samanta. Hukumar FIA mai kula da tseren mota a duniya da masu Formula 1 ba su rasa kuɗin yin irin wannan ba. Idan ba za su yi ba, to su cire dokar hana dawowa, zakara ya tsaya ya kare kambunsa, sabbin yara su gwada kansu da shi. Hakan ma zai nuna mana ko sabon da ake ta yabo ya kai yadda ake faɗa. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ɗauki direba ɗan shekara 22 yana kan ganiyarsa, a zaunar da shi a na'urar kwaikwayon tuƙi yana gyara wa wasu mota.

Na yi murna da Gabriel Bortoleto ya ci Formula 2 a 2024 kuma Sauber ta ɗauke shi, Burazil ta sake samun direba na dindindin a karon farko tun bayan Felipe Massa a 2017. Amma lokacin da aka sanar, Drugovich na fara tunowa. Shekara uku ya yi a benci. Da Cadillac ta shigo a matsayin ƙungiya ta goma sha ɗaya, aka samu ƙarin kujeru biyu, na sake sa rai, sai suka ɗauki Valtteri Bottas da Sergio Pérez. Drugovich kuma ya sa hannu da Andretti a Formula E, gasar motocin lantarki. Ban taɓa damuwa da wannan gasar ba a da, amma saboda shi na fara neman jadawalinta.