Samari, ku daina tura 'ya'yan mutane kemis

Tun da kotun ƙolin Amurka ta soke hukuncin nan na Roe v. Wade, wanda ya ba matan ƙasar 'yancin zubar da ciki, a watan Yunin 2022 nake ganin matasanmu suna ta musu a Facebook kan zubar da ciki, wannan ya ce 'yanci ne wancan ya ce kafirci ne, alhali a bayan layinsu akwai kemis ɗin da kowa ya san abin da ake yi a ɗakin ciki bayan isha'i, kuma ba mai cewa uffan.

Dokarmu a fili take. A arewa sashe na 232 na Penal Code, wato kundin dokar hukunta laifuka, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 ga wanda ya zubar da ciki, sai dai in an yi ne don ceton ran uwar. Addini ma haka, malaman Malikiyya sun tsananta a kai tun cikin yana farko, kuma tun kafin a kai nan Allah ya ce kar ma mu kusanci zina. Ni ma a nan nake tsaye. Amma ɗan uwa, kai da ka bi yarinya wata da watanni da kiran waya da alƙawarin aure, ranar da ta ce maka ba ta ga al'adarta ba sai ka tura mata 'yan kuɗi ka ce "ki san yadda za ki yi" ka kashe waya, wallahi hannunka dumu-dumu yake cikin duk abin da ya same ta.

Ka san me ke faruwa a ɗakin nan kuwa? Wanda ko takardar nas ba shi da ita zai ba ta ƙwayoyi ba tare da hoto ba, bai san watan cikin ba, bai ma san ko a wajen mahaifa yake ba, wanda in haka ne maganin ba abin da zai yi har bututun da cikin ya maƙale ya fashe jini ya zuba a ciki. Wani kuma ƙarfe zai zura mata ya huda mahaifa. Ko abu ya fita rabi ya bar rabi, ta koma gida ta kwanta ta ce wa mamarta ciwon mara ne, ta dinga sauya zani tana ɓoyewa ƙarƙashin katifa, kwana biyu zazzaɓi ya rufe ta, wari ya fara, kafin a farga ta galabaita. Wadda ta tsira ma wani lokacin haihuwar ta tafi kenan.

Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta mata kusan dubu 82 ne suka mutu a Najeriya a 2020 sanadin ciki da haihuwa, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya, kuma irin wannan aika-aikar tana cikin dalilan.

'Yan uwana mata, ƙawar da za ta raɗa miki sunan magani ba za ta ba ki jininta ba ranar da ya ƙare. Iyayenmu kuma don Allah, na san abin kunya da zafi, amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, barazanar "zan tsine miki" ita ke kora yara wajen waɗannan mahautan.

In kuma an riga an yi ɓarnar, jini ya ƙi tsayawa ko zazzaɓi ko jiri ko ciwon mara mai tsanani, ba sauran jiran gari ya waye. A nemi adaidaita a tafi babban asibiti, wankin ciki za a yi mata irin wanda ake yi wa mai ɓari, kuma doka ba ta hana likita kula da ita ba. A gaya masa gaskiyar abin da ta sha da lokacin da ta sha. Kai kuma da ka jawo, kunna wayarka ka biyo su, ka biya kuɗin magani, in an ce ana neman jini ka miƙa hannu a gwada naka.